Tambaya da Amsa: Babana zai bi tawagar dattawa zuwa tsofaffin wuraren bautar Hindu

Tambaya: Assalamu alaikum Gwaggo. Babana ɗan fansho ne, shekarunsa 73, yana da ciwon suga da hawan jini, amma alhamdulillahi yana kan ƙafafunsa. Ƙungiyarsu ta waɗanda suka gama sakandare tare sun yi shekara biyu suna adashi don su je Indiya yawon buɗe ido. Su 16 ne, Musulmi da Kirista, wasu da matansu. Sun ce malamansu na lissafi da kimiyya Indiyawa ne, tun suna yara suke jin labarin gine-ginen dutse na ƙasar. Ejan ya kawo musu tsarin tafiya na kwana 10 a watan Afrilu: Chennai, Tirupati, Kanchipuram, Mahabalipuram, Trichy, Thanjavur, Madurai da Rameswaram, kusan ko'ina wuraren bautar Hindu ne. Hankalina bai kwanta ba, ta ɓangaren lafiyarsa da ta ɓangaren addini. Yayyena sun ce mu ɓoye fasfonsa kawai. Na san kin zauna a can, shi ya sa na rubuto. *'Yarki, daga Unguwar Dosa, Kaduna.*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika damu da mahaifinki. Maganar fasfo ku ajiye ta tun yau. Mutumin da ya yi ɗawainiyarku har kuka zama mutane bai cancanci a yi masa dabarar da ake yi wa yaro ba. Zai gane, kuma ɓacin ran da zai shiga zai fi taɓa hawan jininsa fiye da jirgin sama. Ku same shi bayan la'asar, ku zauna, ku karanta masa wannan amsar.

Na bi sunayen garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya, na gane abin da ya faru. Wannan tsarin an yi shi ne don dattawan Hindu masu ziyarar ibada, ejan ya ɗauko shi yadda yake ya miƙa wa su Baba. Wanda ya je neman lada a addininsa zai jure layi da rana da matakala, yadda iyayenmu suke jure Mina da jifan shaiɗan. Su Baba kuwa gini da tarihi za su je kallo, babu dalilin da zai sa su ɗauki wahalar da ba tasu ba.

Tirupati a fara cire shi. Yana kan tsauni a jihar Andhra Pradesh, dubun-dubatan masu bauta ke zuwa kullum, layin yakan ci sa'o'i masu yawa. Abin da ya fi wannan ma, wanda ba Hindu ba sai ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yi imani da abin bautar wurin kafin a bar shi ya shiga. Babu Musulmi ko Kirista a tawagar da zai iya wannan. Rameswaram kuma al'adar ziyararsa ita ce a bi rijiyoyi 22 ana kwara wa mutum ruwa da guga, ya riƙa tafiya da jiƙaƙƙun kaya a kan dutse mai santsi. Wurin bautar Trichy da ake kai baƙi, a ƙolin dutse yake, matakala ɗaruruwa, kuma ba takalmi. Kanchipuram ba laifi a tsaya rabin yini, musamman da yake garin masaƙan siliki ne, matan tawagar za su so shi. Ban da Chennai, abin da ya rage uku ne, Mahabalipuram da Thanjavur da Madurai, kuma su ne suka cancanci kuɗin adashin.

Na zauna a Chennai mako bakwai a 2017, lokacin da aka yi wa maigidana aikin gwiwa. Da ya fara takawa da sanda, wurin da muka fara zuwa shi ne Mahabalipuram, kilomita 60 kudu da birnin, bai kai nisan Kaduna zuwa Zariya ba. Sarakunan Pallava ne suka yi aikin a ƙarni na 7 da na 8. Akwai wasu ɗakuna biyar da ke jere a kan yashi, kowanne daga dutse guda aka sassaƙe shi, ba a ɗora tubali ko ɗaya ba, kuma ba a ma ƙarasa su ba. A gefensu ga giwar dutse tsaye, girmanta kamar ta gaske. Alhaji ya jingina sandarsa, ya dafa hauren giwar, ya daɗe yana shafa dutsen da tafin hannu bai ce komai ba. Can ya ce da ni, da kurfi da guduma kawai aka yi wannan, kin gani? Gaba kaɗan akwai wani bangon dutse mai tsawon kusan mita 29 cike da sassaƙen mutane da giwaye da birai, sai kuma haikalin da ke bakin teku, wanda iskar gishiri ta shafe shekara 1,300 tana cinsa. Wurin a shimfiɗe yake, hukumar adana kayan tarihi ta Indiya ke kula da shi, tikiti ake yanka kamar gidan tarihinmu na titin Ali Akilu inda ake zuwa ganin kawunan Nok. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Dattijo mai sanda zai zaga shi cikin natsuwa.

Thanjavur shi ne gani ya kori ji. Sarki Rajaraja na daular Chola ya kammala babban haikalin a 1010, wato zamanin da tarihin Kano ke cewa Bagauda na kan mulki. Hasumiyarsa ta kai kusan mita 66, ki ƙiyasta dogon benen nan mai hawa goma na titin Ahmadu Bello an ɗora masa wani irinsa. Da dutse mai tsananin tauri aka gina ta, a yankin da ƙasar noma ce ta bakin kogin Kaveri, sai da aka jawo duwatsun daga nesa. A jikin bangon an rubuta sunayen waɗanda suka ba da gudummawa da ma'aikatan wurin da abin da ake biyansu, har yau ana karantawa. Baba da ya yi aikin gwamnati, wannan kaɗai zai riƙe shi awa guda.

Amma a nan ne na ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Har yanzu ana bauta a wurin, don haka tun daga ƙofa ake cire takalmi, farfajiyar kuma fili ce mai faɗi da aka shimfiɗe da dutse da jan bulo. Mun je tare da wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya rako ɗansa asibiti, shi ma mai ciwon suga. Direban da muka ɗauka ya makara, ya sauke mu wajen ƙarfe ɗaya na rana. Mu muna ta ɗage ƙafa muna neman inuwa, shi kuwa yana tafiya a hankali yana kallon sama, yana cewa shi bai ji zafi ba. Na yi shekara 33 ina aikin jinya, wannan maganar ta faɗar min da gaba. Da muka koma mota na ce ya miƙo ƙafarsa. Tafin duka biyu sun yi bororo, na dama har ya fashe, yashi ya shiga. Suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji a ƙafa, mutum ya ƙone bai sani ba, kuma ciwon ba ya saurin warkewa. Na wanke masa da ruwan gora a gefen titi, na ɗaure da gefen mayafina, muka nemi asibiti. Sai da ya ƙara mako uku a ƙasar. Saboda haka Baba ya je wa likitansa a gwada jin ƙafarsa kafin tafiya. Ya riƙe safa mai kauri guda biyu a aljihu, inda aka yarda da safa ya sa, inda aka ce ƙafa tsirara kawai, ya shiga kafin ƙarfe tara na safe ko bayan biyar na yamma, ko ya haƙura ya kalla daga waje. Kowane dare wani ya duba masa tafin ƙafa da fitila, har tsakanin yatsu. Dama wuraren bautar yankin sukan rufe ɗakunan ciki daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe huɗu, babu abin da za a rasa in an kwanta a masauki lokacin.

Daga Thanjavur zuwa Madurai kamar Kaduna zuwa Abuja ne a mota. Haikalin Meenakshi yana tsakiyar gari, da hasumiyoyi 14 da aka lulluɓe da siffofi masu launi, da wani zaure mai ginshiƙai 985. Cike yake da masu bauta daga asuba, ƙarar ganga da algaitarsu da ƙamshin turare da furanni ko'ina. Ba a shiga da wayar hannu tun bayan gobarar da aka yi a 2018, kuma wanda ba Hindu ba yana da iyakar da ba ya wucewa. A Janairun 2024 babbar kotun Madras ta ba da umarnin a kafa alluna a wuraren bautar jihar da ke nuna cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tutar haikalin, wadda ke tsaye kafin a kai ɗakin ciki. Ni a ganina wannan sauƙi ne gare mu, don iyakar da suka shata ita ce wadda mu ma za mu shata wa kanmu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga ba, hasumiyoyin daga titi ma ana ganinsu sarai. A garin kuma akwai fadar Sarki Thirumalai Nayak ta 1636, ba wurin ibada ba ce, ga inuwa ga wurin zama.

Yanzu maganar addini. Fatawa ta malamai ce, Baba ya je wurin malamin da ya yarda da iliminsa. Roƙona shi ne ya kai tambayar a fayyace. In ya ce zan je ɗakin gumaka, amsa ɗaya zai samu. Ya bayyana cewa akwai kufai na tarihi da ba a bauta a cikinsu, akwai farfajiyar wurin da ake bauta, akwai kuma ɗakin ciki inda gunkin yake, sannan malam ya faɗa masa inda zai tsaya. Abokansa Kirista su ma su ji ta bakin limamansu.

Abin da zan iya gaya miki shi ne abin da zai tarar, don kada a shammace shi. Tun daga bakin ƙofa masu talla za su miƙo masa kwakwa da ayaba da furanni a faranti, wannan kayan baiko ne ga abin bauta, ba tsaraba ba ce. A ciki mai hidimar wurin zai iya miƙo hannu da farar toka ko jan gari zai shafa masa a goshi, ko ya kawo faranti mai wuta wanda masu bauta ke shafa hannu a kai su shafa fuska, ko ruwa a cokali, ko wani abinci mai zaƙi da aka riga aka gabatar wa gunki. Duk waɗannan ibada ce. Ya ɗora hannun dama a ƙirji, ya girgiza kai da murmushi, ya ja baya taku ɗaya. Na yi haka ba sau ɗaya ba, babu wanda ya taɓa ɓata min rai. Ɗan jagoran tawagar a gaya masa tun ranar farko, gaban kowa, don ya riƙa shiga gaba yana bayani.

Akwai kuma haƙƙin masu wurin a kanmu. Na taɓa ganin baƙi suna nuna gunki da yatsa suna ƙyalƙyala dariya alhali wata tsohuwa na tsaye gabansa tana hawaye, abin ya dame ni ƙwarai. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Mu tuna yadda za mu ji in baƙi suka shigo harabar masallacin Sultan Bello ranar Juma'a suna shewa suna ɗaukar masu sujada hoto. Maza su sa dogon wando ko kaftani, mata dama shigarmu ta wadatar. Ba mu ne Musulmin farko da suka je kallon ƙasar nan da idon ilimi ba. Albiruni ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafi a kan addinin Indiyawa da iliminsu wajen 1030, Ibn Battuta kuma ya shiga Madurai ɗin nan kafin daga baya ya zo Mali da Takedda.

Salla ba za ta ba shi wahala ba. A Chennai akwai masallacin Wallajah na unguwar Triplicane, ginin dutse na 1795, nan Alhaji ya riƙa zuwa Juma'a a keken asibiti. A Madurai akwai babban masallacin Kazimar. Abu ɗaya zai ba shi mamaki: alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Daren farko na shimfiɗa darduma ina fuskantar gabas yadda na saba tun ina yarinya, sai da mai share ɗakin, wata Musulma, ta kama gefen dardumar ta juya min ita.

Watan Afrilu a sauya shi. Zafinsu yakan kusanci digiri 40, kuma ba irin namu busasshe ba ne, gumi ne ke zuba ba ya bushewa, mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari jiri zai iya kayar da shi. Daga Oktoba zuwa Disamba kuma damina ce a gaɓar tekun Chennai. Janairu da Fabrairu sun fi, sai dai a kauce wa tsakiyar Janairu lokacin bikin girbinsu na Pongal da ake cika, a kuma duba kada tafiyar ta faɗa cikin azumi. Kwana biyun farko a yi su a Chennai ana hutawa, don daga Rigasa zuwa Abuja, zuwa Addis Ababa ko Doha, zuwa Indiya, jikin ɗan shekara 73 sai ya nemi haƙƙinsa. Wuri ɗaya a rana, kwana biyu ko uku a kowane gari. Chennai zuwa Thanjavur ya haura kilomita 300, a raba hanyar, a kwana a tsakani.

Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi, don haka likita ya tsara masa yadda zai matsar da lokacin magani, balle in yana allurar insulin. Magunguna su kasance a jakar hannu tare da takardar likita, da ƙarin na mako guda. A cikin jirgi ya riƙa tashi yana takawa saboda daskarewar jini a ƙafa. A nemi keken tura marasa ƙarfi tun lokacin yankan tikiti, ko da yana jin kunya, filayen jirgin nan tafiyarsu doguwa ce. Katin rigakafin shawara dole ne, wanda ya sauka babu shi za a iya killace shi har kwana shida. Inshorar lafiya ta tafiya a karanta ta da kyau a tabbatar ta ƙunshi ciwon da mutum yake da shi tun daga gida.

Abinci zai yi masa daɗi fiye da yadda kike zato. Idli kamar waina ce da aka turara ba mai, dosa kuwa ɗan'uwan sinasir ne, sai dai siriri mai faɗi, dukansu daga ƙullun shinkafa da wake da ya kwana. Miyar da ake haɗawa da su da tsamiya ake yi, har da 'ya'yan zogale a ciki. Gidajen abincin da ke kusa da wuraren bauta yawanci ba sa dafa nama sam, wannan ya raba shi da tunanin yanka. In ya yi marmarin nama, gidajen biriyani na Musulmi suna nan. Hatsarin shi ne shinkafa safe da rana da dare, ga shayi da kofi da suke zuba wa sukari tun a tukunya, sai ya riƙa cewa a yi masa nasa daban. Ruwan gora mai hatimi kawai, kuma a tafi da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. A masauki a nemi ɗaki mai masai na zama da abin dafawa a banɗaki.

Dattawa 16 ba sa tafiya su kaɗai. A samu matasa uku ko huɗu cikin 'ya'yansu, ɗaya ya kasance ma'aikacin lafiya. Kuɗin da za a rage daga garuruwan da aka cire zai ɗauki wani ɓangare na wannan. Yayyen naki da suka iya shawarar ɓoye fasfo, ɗaya ya sabunta nasa ya bi mahaifinsa ya riƙe masa takalmi a bakin ƙofa. Kafin nan, Baba ya fara zagaya filin Murtala da sassafe, mako shida kafin tafiya, da takalmin da zai tafi da shi.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ni da uwargida za mu je Mumbai ganin likita, an ce mu ƙara da Ellora ko Khajuraho. Shekaruna 68, ita 61. Wanne ya fi? *Mai karatu daga Barnawa.*

Amsa: Barka kadai, Malam, Allah ya ba da lafiya. Ellora za ku. Daga Mumbai jirgi na kai mutum Aurangabad, wanda yanzu ake kira Chhatrapati Sambhajinagar, cikin kamar awa guda, daga nan kilomita 30 ne a mota. Kogunan dutse 34 ne, na mabiya Buddha da na Hindu da na Jain a jere. Ku nufi na 16 kai tsaye, haikalin Kailasa na ƙarni na 8, wanda aka faro sassaƙarsa daga saman dutse aka gangaro ƙasa har ya fito gini sukutum da benensa da giwayensa. Yana daura da ƙofar shiga, farfajiyarsa ta ƙasa ta isa kallo ba sai an hau sama ba. Ranar Talata a rufe yake. Garin Khuldabad na kusa, inda kabarin Aurangzeb, sarkin Musulmi na daular Mughal, yake, nan za ku samu masallaci da abinci.

Khajuraho yana da nisa daga Mumbai, kuma a jikin wasu bangayensa akwai sassaƙen maza da mata a halin saduwa, a fili ƙarara, 'yan jagora kuma nan suka fi tsayar da baƙi. Na faɗa maka ne don kada ku je da uwargida ku tarar da abin da ba ku shirya masa ba. Ku fara gamawa da likita, in ya ce jiki zai ɗauka sannan ku yanki tikitin Aurangabad.